BA KOWANE KOREN RUWA NE KAINUWA BA

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na Tsofaffin Ɗalibai, a unguwar Gesse, Birnin Kebbi



Ranar da sakataren ƙungiya ya bugo mini waya ya ce ni aka zaɓa in yi jawabin bana, ya tambaye ni a kan me zan yi magana. Na ce masa a kan kainuwa. Sai na ji ya yi shiru, har na zaci layi ne ya yanke. Can sai ya ce, "Malam, bara fa likita ne ya yi mana bayanin hawan jini, bara waccan kuma lauya ya yi bayanin rabon gado." Na ce masa ai shi ya sa. Kun ji abin da ke kashe mutum, kun ji abin da ake yi da dukiyarsa bayan ya tafi, saura ku ji abin da ke kashe dukiyar tun mai ita yana raye. Saboda haka ina roƙon ku yi haƙuri da ni na ɗan lokaci, domin abin da zan faɗa na biya kuɗinsa da aljihuna.

Mu Hausawa idan muka ga wani abu kore yana yawo a bisa ruwa, kalmomi biyu muke da su. In yana da ganye mu ce kainuwa, in kuwa yana da santsi mu ce gansakuka, shi ke nan magana ta ƙare. To amma a ƙarƙashin waɗannan sunaye biyu akwai tsirrai iri-iri, waɗanda wasunsu ba su haɗa ko kaka ba. A cikinsu akwai abincin kifi da agwagwa, akwai takin shinkafa na kyauta, akwai mai kashe saniya idan ta sha ruwansa, akwai kuma wanda ya taɓa hana jiragen ruwa tafiya a babban tafkin da ya fi kowane girma a Afirka. Mutumin da ke zaune a bakin fadamar Rima, wanda shinkafarsa da kifinsa da dabbarsa duk a kan ruwa suka dogara, bai kamata a ce suna ɗaya yake kiran amininsa da maƙiyinsa ba.

Bari in fara da abin kunyar da ya same ni. Bayan na yi ritaya daga aikin malamin gona a 2017, na haƙa ɗan tafkin kifi a wani fili da nake da shi a bayan gari. A 2019 na zuba 'ya'yan karfasa, kowanne bai wuce tsawon yatsa ba. Tsadar abincin kifi ta dame ni, kuma na daɗe da sanin cewa akwai wata ƙaramar kainuwa da karfasa ke ci. Maimakon in tafi da kaina, sai na ba wani yaro bokiti na ce ya je kududdufi ya kwaso mini "wannan ƙaramar kainuwar". Ya kawo, na leƙa bokiti na ga kore, na ce ya zuba. Ruwan tafkin kuwa na riga na sa masa kashin kaji. Kwana uku bayan haka tafiya ta kama ni, wadda na zaci ta kwana biyu ce, ta zama ta kwana tara. Lokacin da zan tafi, koren bai rufe fiye da kusurwa ɗaya ba. Da na dawo, na iske tafkin kamar an shimfiɗa masa darduma, babu inda ake ganin ruwa, kifayen kuma sun taso ciki sama a ƙarƙashinta. Wari ne ma ya fara tarye ni tun daga nesa.

Wani tsohon masunci daga wajen Argungu, wanda nake sayen kifi a wurinsa, shi ya zo ya taya ni kwashewa. Ya sa hannu ya ɗebo koren nan, ya juya shi a tafin hannunsa, ya dube ni ya ce, "Malam, wagga ba ita ta ba. Wagga mai gemu ta, ɗiyan kihi ba su iya haɗiye ta." Da na duba da kyau, sai na ga kowane ɗan ganye yana da saiwa tuli guda a ƙarƙashinsa, bayansa kuma ja-ja ne. A tsakaninsu har da 'ya'yan babbar kainuwa, waɗanda kifi ba ya ko kallo. A nan take na tuna da malaminmu na ilmin halittu a aji uku, a 1976, wani Ba'indiye, wanda 'yan ajinmu za su tuna da kekensa da laimarsa. Ya taɓa kai mu bakin fadama da gilashin ƙara girman abu guda ɗaya tak, mu arba'in muna layi, yana cewa mu juya tsiro mu ƙidaya saiwarsa. Ni dai a ranar nan hankalina yana ga masu kamun kifi. Darasin da na ƙi ɗauka kyauta ina ɗan shekara goma sha biyar, shi na saya da kuɗin sallamata ina da jikoki.

To ga darasin. Kayan aikinsa uku ne: farin faranti, da tsinke, da ido. Wanda ke da gilashin ƙara girma ya fi, amma ba dole ba ne. Ka ɗebi ruwan tare da koren da ke kansa, ka zuba a faranti, ka ware guda ɗaya da tsinke, ka juya shi, ka duba ƙarƙashinsa.

Waɗanda nake kira ƙananan kainuwa su ne Turawa ke kira ciyawar agwagwa, don agwagi na son su. A duniya duka akwai kimanin iri 36, waɗanda masana suka kasa gida biyar. Wani masani ɗan ƙasar Siwizalan mai suna Elias Landolt ya ƙarar da shekarunsa yana tattara su daga ƙasashe, ya fitar da babban littafi a kansu a 1986, har aka sa wa ɗaya daga cikin gidajen biyar sunansa a 1999. Abin da muke gani kamar ganye, a gaskiya shi ne tsiron gaba ɗaya, babu kara babu reshe. Suna fure, amma da wuya mutum ya gan shi. Yawanci haihuwa suke yi: ɗa ya fito daga wani ɗan aljihu a gefen uwa, ya girma, ya rabu, shi ma ya haifi nasa. Shi ya sa za ku gan su biyu-biyu ko uku-uku a manne. Wani abin mamaki kuma, binciken da aka yi a kan ƙwayoyin gadonsu ya nuna cewa su da babbar kainuwa duk dangin gwaza ne. Duk wanda ya taɓa cin ɗanyen gwaza ya ji ƙaiƙayi a maƙogwaro, to irin sinadarin nan yana cikin ganyen babbar kainuwa ma.

Idan ka juya ka ga saiwa ɗaya tak, siririya kamar zaren ɗinki, ganyen kuma kore ne sama da ƙasa, girmansa daga ƙwayar riɗi zuwa kusan ƙwayar shinkafa, wato milimita 2 zuwa 5, to wannan ita ce masana ke kira Lemna. Ni ina ce mata mai saiwa ɗaya. Ita ce wadda ya kamata yaron nan ya kawo mini. Irin da ya fi yawa a ƙasashe masu zafi kamar namu yana son ruwan da ke tsaye, mai ɗan datti: kududdufin bayan gari, ramin da aka yi bulo, gefen gonar shinkafa. Karfasa na cin ta, agwagwa da kaza ma haka.

Idan kuwa ka ga saiwa da yawa sun fito daga wuri ɗaya, daga 7 har zuwa 21, ganyen kuma ya fi faɗi, kusan zagayayye, yana iya kai santimita ɗaya, sannan bayansa ja ne mai duhu, to wannan ita ce Sifirodela, wadda tsohon masuncin nan ya kira mai gemu, kuma ban ga sunan da ya fi nasa dacewa ba. Ba guba ba ce. Babban kifi yana cin ta, agwagwa na cin ta. Laifinta a tafkina shi ne ta fi bakin 'ya'yan karfasa girma, don haka babu mai rage ta, ga kuma kashin kaji yana ciyar da ita. Akwai wata 'yar'uwarta da ta fi ta ƙanƙanta da tsawo, mai saiwa 2 zuwa 7, ita ce mai sunan Landolt ɗin. Wanda bai ƙidaya ba zai ɗauke su abu ɗaya.

Ta ukun ita ce ta fi ba ni sha'awa. Za ka ga ruwa kamar an barbaɗa masa koren gari. Ka sa hannu ka murza tsakanin yatsu, sai ka ji gurzi-gurzi kamar tsaki, ba santsi. A faranti za ka ga 'yan ƙwayoyi ne, kowace ba ta kai ƙwayar gero ba, kimanin milimita ɗaya, babu saiwa ko ɗaya. Wannan ita ce Wolfiya, ni kuwa tsakin ruwa nake kiran ta. A cikin duk tsirran da ke fure a duniya babu wanda ya kai ta ƙanƙanta. Ku auna: kuka tana fure, wannan ma tana fure, Mahaliccinsu ɗaya. A ƙasashen Tailan da Laos da Bama mutane sun daɗe suna kwasar ta suna dafawa, sunan da suke kiran ta ma'anarsa ƙwan ruwa. Ga mai 'ya'yan kifi ƙanana kuwa, ba ta da na biyu, domin ko ƙaramin baki yana iya haɗiye ta. Gida na biyar su ma ba su da saiwa, amma falan-falan suke kamar ɓawon albasa, suna kwance a ƙarƙashin fatar ruwa, sai mai lura ke ganin su. Ba zan tsaya a kansu ba.

Yanzu me ya sa tafkina ya rufe cikin kwana tara? Lissafi ne na aji ɗaya. Idan ruwa yana da taki, rana kuma tana nan, waɗannan tsirrai suna iya ninka yawansu cikin kwana biyu zuwa uku. A ce ka bar su sun rufe kashi ɗaya cikin takwas na tafki. Bayan kwana biyu sun kai rubu'i, bayan huɗu sun kai rabi, bayan shida babu sauran ruwa. Wato ranar da ka ga rabin tafkinka a buɗe kana cewa da sauran lokaci, jibi ne zai rufe. Idan ya rufe, hasken rana ba ya shiga, ƙananan tsirran cikin ruwa da ke samar da iskar oksijin sai su mutu su ruɓe, ruɓewar kuma ta ƙara cinye sauran iskar, iskar sama ma ba ta samun hanyar shiga. Lokacin da iska ta fi ƙaranci shi ne asuba. Duk mai tafki ya riƙa leƙa shi bayan sallar asuba. In ya ga kifi sun taso suna buɗe baki a saman ruwa, to kuka suke yi. Tarwaɗa tana iya jurewa don tana da wata kafa ta shaƙar iskar sama. Karfasa ba ta da ita.

Kada wannan labari ya sa ku tsani ƙananan kainuwa. Idan aka busar da su, sinadarin furotin da ke cikinsu yana iya kai kashi 35 zuwa 40 cikin ɗari in ruwan da suka girma a ciki mai taki ne, wato kusan daidai da waken soya. A Mirzapur ta ƙasar Bangaladash, tun farkon shekarun 1990, an yi amfani da su wajen tace ruwan dattin wani asibiti da makarantunsa, sannan a kwashe su a ciyar da kifi. Amma akwai abin da masu tallata su ba sa faɗa: fiye da kashi 90 cikin ɗari na nauyinsu ruwa ne. Ka kwashi kilo 100, in ka shanya ba za ka sami kilo 10 ba. Saboda haka ƙari ne a kan abinci, ba madadinsa ba, kuma wanda ya ce muku da su kaɗai zai yi kiwon tarwaɗa har ta kai kasuwa, ku tambaye shi ya nuna muku tarwaɗar. Shawarata ita ce a noma su a wani rami daban, a riƙa ɗiba kullum gwargwadon abin da kifi zai cinye kafin yamma. Kuma kada a kwaso daga ruwan da ke gangarowa daga garejin makanikai ko majema ko marina, domin suna tsotse duk abin da ke cikin ruwa, mai kyau da maras kyau, kifi ya ci, mu kuma mu ci kifin.

Akwai wata da ake yawan rikita ta da waɗannan, kuma ita ce matasa ke saye da sayarwa ta wayar hannu a 'yan shekarun nan, wato Azola. Wani ɗan ajinmu, ba zan faɗi sunansa ba tun da yana zaune a nan yana harara ta, ya taɓa kira na in ga Azolar da ya saya da tsada. Na juya ta a faranti, na ƙidaya, saiwa ɗaya. Irin ta tana nan kyauta a kududdufin bayan gidansa. Azola ba ta da wuyar ganewa. Ba ganye ɗaya ba ce mai sulɓi. 'Yan rassa ne da ita masu siffar alwatika, faɗinta santimita 1 zuwa 2 ko ɗan fiye, an jera mata ƙananan ganyaye bisa juna kamar ɓawon kifi. In ka danna ta cikin ruwa sai ta taso a bushe, ruwa yana gangarewa daga kanta. In rana ta yi mata yawa, ko sanyi, ko ta rasa irin sinadarin da ke cikin takin sufa, sai ta koma ja kamar tsatsa. Ba ta fure ko kaɗan, ba kuma dangin gwaza ba ce. Darajarta ita ce a cikin kowane ganye akwai wani ɗan kogo inda wasu ƙananan halittu ke zaune, su kuma suna kamo naitirojin daga iska, wato abin da muke saye a buhun yuriya. Manoman shinkafa a Sin da Biyetnam sun yi ɗaruruwan shekaru suna renon ta a gonakinsu, su tattake ta cikin laka ta zama taki. Ku dubi jiharmu. A nan Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa bashi na Babban Bankin Nijeriya a Nuwamban 2015, ga kamfanonin casar shinkafa a Birnin Kebbi da Argungu, ga kuma kukan tsadar taki kowace shekara. Sai dai in faɗa muku gaskiya, Azola ba ta son zafin bazara irin namu. A watannin Maris da Afrilu in ba a yi mata inuwa ba ƙonewa take yi. Lokacinta shi ne noman rani cikin hunturu.

Yanzu ga wadda nake so iyayenmu masu shanu su ji. Wani lokaci, musamman da bazara in tafki ya ja baya ruwan ya yi ɗumi, za ka ga samansa kamar an zuba koren fenti. Daga nesa kamar tsakin ruwa ne. Ka sami kara ka tsoma ka ɗaga. In ya fito da 'yan ƙwayoyi manne, tsakin ruwa ne ko mai saiwa ɗaya, babu komai. In ya fito da dogayen zarurruka masu santsi kamar jiƙaƙƙen gashi, gansakuka ce ta yau da kullum, ba ta da illa sai ƙyama. Amma in kara ya fito kamar an shafa masa fenti, babu ƙwaya babu zare, ga wani wari, to a kori dabbobi daga wurin, yara ma kada su shiga. Wannan ba tsiro ba ne, tarin wasu ƙwayoyin halitta ne, kuma wasunsu suna fitar da guba mai lalata hanta. An san su da kashe shanu da tumaki da karnuka a ƙasashe da dama. Tafasa ruwan ba ya kawar da gubar.

Babbar kainuwa kuwa ba ta bukatar gabatarwa, kowa ya san kirarinta, kainuwa dashen Allah. Ganyenta a jere yake kamar latas, mai laushi da gashi-gashi, da jijiyoyi a tsaye, ba ta da dogon kara, saiwarta kuma kamar gashin tsuntsu. Abin lura shi ne 'ya'yanta, domin suna ƙanana sukan saje da mai gemu. Ka shafa: in ka ji gashi, babba ce tana tafe. Ba ta da laifi in tana gefen gulbi, ƙananan kifi ma na ɓuya a saiwarta. Laifinta yana kusa da gida. Akwai wani irin sauro da tsutsarsa ba ta tasowa saman ruwa ta sha iska kamar sauran, sai ta huda saiwar kainuwa ta riƙa sha daga nan, kuma yana cikin masu yaɗa ciwon tundurmi. Katantanwar da ke ɗauke da tsargiya ma tana son irin wannan mafaka. Mu da muka yi wanka a fadama muna yara, mun san yawan 'yan ajinmu da suka yi fitsarin jini har muna ɗaukar sa alamar girma.

Na bar babbar magana a ƙarshe. Akwai wata baƙuwa da ita ma ake kira kainuwa, alhali ba ta haɗa komai da tamu ba. Ganyenta mai sulɓi ne yana ƙyalli kamar an shafa masa mai, karan ganyen ya kumbura kamar ɗan gora, in ka matse shi ka ji kamar soso. Saiwarta baƙa ce mai yawa. Furenta shuɗi ne mai ruwan algashi-shuni, da ɗigon rawaya a ganyen sama, kuma ba na jin akwai furen da ya fi shi kyau a bisa ruwa, har da na bado. Kyawun nan ne ya fito da ita daga gidansu a yankin kogin Amazon na Kudancin Amurka, mutane suka yi ta ɗaukar ta ƙasa-ƙasa don ado. Ta shigo Nijeriya a 1984 ta ruwan Badagiri daga Jamhuriyar Benin, ta hana masunta da jiragen fito sakat a Legas. Ba a daɗe ba ta bayyana a kogin Kwara, ta gangaro tafkin Kainji, kuma 'yan'uwanmu Sarkawa na Yawuri sun san abin da ta yi wa tarunsu da hanyoyin jiragensu a shekarun 1990. A Tafkin Biktoriya, wajen 1997, ta toshe tashar jiragen ruwa ta Kisumu a Kenya, ta kuma riƙa cushe mashigar ruwan injinan lantarki a Jinja ta Yuganda, sai da aka kawo wasu ƙwari masu cin ta, waɗanda asalinsu ɗaya da ita, sannan aka sami sauƙi. Tana iya ninka kanta cikin kamar mako biyu, irinta kuma yana iya kwanciya cikin laka shekara ashirin yana jiran ruwa.

Me ya kawo wannan cikin taronmu? Ruwan Rima yana gangarawa ne zuwa Kwara, don haka da ƙafarta ba za ta hauro mana ba. Mutum ne zai kawo ta: a jikin jirgi, a cikin taru, a bokitin 'ya'yan kifi, ko a tukunyar fure. Da idona na gan ta a nan Gesse, a cikin wani kwarmin siminti a tsakar gidan wani bawan Allah, ta yi fure gwanin sha'awa, maigidan yana alfahari ya kawo ta daga kudu. Na tambaye shi in ta cika kwarmin ina yake zubar da ragowar. Ya ce a lambatu. Jama'a, lambatun garin nan duk fadama suka nufa. Mun ga ambaliyar 2020 yadda ta haɗe gulbi da gona da tafki suka zama abu ɗaya. Guda ɗaya ta isa. Ku tuna da Matan Fada, inda ake bukin kamun kifi na Argungu tun 1934, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016. Mai homa da gora ruwa yake nema a buɗe. Wanda yake ganin ciyawa ba ta isa ta kori mutane daga sana'arsu ba, ya je Haɗeja da Nguru ya tambayi abin da kacala ta yi wa hanyoyin ruwansu da gonakinsu bayan an gina madatsun Tiga da Challawa. Mu ma muna da Bakolori da Goronyo a samanmu, ruwan da ke zuwa mana ba irin na zamanin kakanninmu ba ne. Maigidan nan dai, Allah ya saka masa, ya yarda muka kwashe ta muka shanya a kan siminti har ta bushe, muka ƙone. Haka ake yi da ita. Ba a jefa ta a bola, ba a mai da ta ruwa.

Ga roƙona ga ƙungiya. Kowace shekara muna tara kuɗi mu yi wa makaranta fenti, ba na kushe wannan. Amma na leƙa ɗakin gwajin kimiyya a watan jiya, da izinin shugaban makaranta, na kuma lissafa cewa gilashin ƙara girma guda arba'in ba za su kai kuɗin fentin aji biyu ba. A sayo su. A gina ƙananan kwarmin siminti guda huɗu a bayan ɗakin, a sa mai saiwa ɗaya, da mai gemu, da tsakin ruwa, da Azola, yara su riƙa aunawa suna ganin wadda ta fi saurin ninkawa da hunturu da bazara. A ba kowane ɗan aji huɗu aikin hutu: ya kawo abin da ke bisa ruwan ƙauyensu a kwalba, ya rubuta sunan wurin da watan, ya kuma tambayi tsofaffin masunta da makiyaya sunan da suke kiran sa. Wannan na ƙarshen ya fi damuna, domin tsohon da ya koya mini mai gemu ya rasu, kuma ban taɓa zama na rubuta sauran abin da ya sani ba. Yaranmu suna zuwa daga Argungu da Augie da Kalgo da Bunza da Gwandu. Cikin shekara biyu makarantar nan za ta mallaki bayanin ruwayen kwarin Rima da hannun ɗalibanta, kuma in baƙuwar nan ta ɓulla a wani lungu, za a sami yaron da zai gane ta tun tana guda goma. Ni na ɗauki nauyin simintin kwarmi biyu, kuma zan riƙa zuwa ranar Asabar in malamin kimiyya yana so.

Na zo da kwanoni biyar, suna can bakin ƙofa a kan tebur, da faranti da tsinke kusa da kowanne. Ban rubuta suna a jikinsu ba. Bayan an ci abinci kowa ya je ya juya ya ƙidaya, malamanmu su ne alƙalai. Ɗan ajinmu mai Azola shi zai fara.